Layin da Kawu Iliya ya ja bai isa jirgi ba

Duk wanda ya san Kawu Iliya ya san aljihun gaban rigarsa. Biro biyu ne a ciki, baƙi da ja, sai wata 'yar rular ƙarfe da kullum take leƙo kai. Da su yake zuwa mayanka, da su yake zuwa masallaci, da su ya zo ɗaurin aurena har rular ta huda masa sabuwar shadda. Na fara da aljihun ne saboda wata magana da na ji ranar sadakar bakwai ta rasuwarsa. Ina tsugune ina kwashe kwanuka, sai na ji wasu suna ƙus-ƙus wai Kawu ya tsine wa ɗansa Nasiru ta imel, har sau biyu. A cikin gidan mutum fa, kuna cin shinkafar sadakarsa! Na san masu maganar, ba zan kira suna ba. Amma tunda a shagona aka yi abin, a kan kwamfutata, to ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Ga wanda bai gane ni ba, ni ce Rabi, 'yar ƙanwarsa, mai shagon buga takardu a nan Agege. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana Rabi ba, sai Uwata. Kada ku ɗauka wannan ya hana shi yi mini faɗa.

Kawu dillalin fata ne, kuma shi ke rubuta wa 'yan fata wasiƙa tun ba a haife ni ba. Yana da ƙa'ida, kowa a unguwar nan ya san ta. Da baƙin biro yake rubuta duk abin da ya zo masa: gaisuwa, ƙorafi, faɗa, har zagi. In ya huce, sai ya ɗora rula a kan zagin ya ja layi siriri, yadda za ka iya karanta kowane harafi. Sannan ya ɗauko jan biro ya rubuta ainihin abin da ke zuciyarsa. Abin da aka soke an janye shi, baƙin da aka bari ladabi ne kawai, ja shi ne magana. Ba ya yaga takarda, ba ya sake sabuwa, yawanci ma a bayan kalandar bara yake rubutun. In ka tambaye shi me ya sa ba zai bar zagin ba gaba ɗaya, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi me ya sa ake sa wa fata gishiri.

"Ya san na yi fushi, ya san na janye. Saura me?"

Wata babbar Sallah ya sayo rago a kasuwar Alaba Rago wurin Alhaji Mamman, abokinsa na shekaru. Aka kawo rago gida, ya fara tari. Kawu ya zauna ya rubuta wasiƙa, na gan ta da idona. Macuci ne, azzalumi ne, mai sayar wa Musulmi ragon da ya fi tsohuwa tari. Kwana biyu ya ba ragon kanwa, tari ya tafi. Sai ya ɗauko rula ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta da ja cewa rago ya warke, a ajiye masa irinsa baɗi. Kuma bai ba kowa saƙon ba. Shi da kansa ya hau motar haya ta danfo daga Agege, ya sha cunkoson Mile 2, ya kai wa mutumin nan hannu da hannu, ya tsaya a kansa har ya karanta. Alhaji Mamman ya tambaye shi, tunda ragon ya warke, me ya kawo zagin?

"Lokacin da na rubuta bai warke ba," in ji Kawu.

Limaminmu ma bai tsira ba. Ya samu tasa takardar bayan wata Juma'a da huɗuba ta yi tsawo. A soke: ka gasa mu a rana kamar kilishi. Da ja: Allah ya ƙara ilimi, a rage mana kwata. Har yau takardar tana cikin littafin liman, ya nuna mini ranar jana'iza.

To, ana nan sai masu jima da ke sayen fatarsa a Kano suka ce su yanzu imel suke so. Ranar da Kawu ya shigo shagona ya janyo kujerar kwastoma ya zauna, na san na shiga uku. Tambayarsa ta farko ita ce ina jan biron abin nan. Na nuna masa yadda ake mayar da rubutu ja, na nuna masa yadda ake ja wa kalma layi a tsakiya. Ya kalla, sannan ya ce ashe wanda ya ƙera na'urar nan ma ɗan mutunci ne. Daga ranar na rasa kwamfutata ta bakin ƙofa. Da yatsa biyu yake bugawa, a shafin buga takardu, ya yi sukarsa ya yi jansa, sannan ya kwafe ya liƙa a cikin imel. In zai aika sai ya rufe ido, ya yi bismilla, ya danna. Ba ya sake karantawa, wai abin da ya rubuta ya rubuta. In kwastoma ya yi tari sai ya juyo ya ce ana aiki. Ga warin fata da gishiri da yake shigo mini da shi, ɗalibai masu buga takardar makaranta har a waje suke jira da hanci a toshe. Na yi magana, ya ce warin nan ne ya aurar da mahaifiyata. Na haƙura. Kuma gaskiya tsarin ya yi masa aiki, mutanen Kano suna ganin jansu da layinsu daidai.

Yanzu ga maganar Nasiru. Shi kaɗai ne ɗansa namiji. Kawu ya so ya gaje shi, Nasiru ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana wari ba. A gaban mutane ya faɗa, a mayanka. Aka yi abin da aka yi, Nasiru ya kwashi kayansa ya samu aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Shekara shida ba su yi magana ba. Kawu bai sake kiran sunansa ba, amma ɗakin yaron yana nan a kulle, a Agege fa, inda ko ɗakin girki mutane ke bayarwa haya. Duk wanda ya zo neman ɗakin sai ya ce akwai mai shi.

Bara ciwo ya kama Kawu. Ƙafafunsa suka kumbura, ya koma sa silifas, likita ya kira mu gefe ya faɗa mana abin da ba mu so ji ba. Ni ce na nemi Nasiru ta hannun wani abokinsa na ba shi adireshin imel ɗin ubansa, kuma ban yi nadama ba. A tsakiyar teku waya ba ta kama shi, sai imel na jirgin. Ya rubuto. Ya gaida ubansa, ya nemi gafara, ya ce nan da sati uku jirginsu zai tsaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa na kwana huɗu kacal, daga nan sai bayan wata tara. Yana tambaya ko an yarda ya zo gida. Mu kuwa mun san Kawu ba shi da wata tara.

Kawu ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ce in fita. Daga shagona! Na fita na tsaya wurin mai gasa ayaba tun bayan la'asar, ina hango shi ta gilashi yana caka yatsa biyu kamar kaza na tsattsaga. Sai dab da magariba ya fito yana share gumi, ya ce ya gama da yaron.

Kwana biyu amsa ta zo. Ni na buɗe masa, don haka na gani.

"Baba, na karanta duka. Ban ga layi ba, ban ga ja ba. Na fahimta. Allah ya ba ka lafiya."

A ƙasan amsar ga wasiƙar Kawu nan kamar yadda ta isa jirgi. Baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, babu layi ko ɗaya. Butulu. Mara kunya. Wanda ya raina sana'ar da ta ciyar da shi. Kada ka sake taka ƙofar gidana. Duk suna tsaye garau. Can ƙasa ga inda ya ce ya zo, ɗakinsa na nan, shi ma baƙi. Ku tuna wanda ya karanta. Da wani bare ne, sai ya ce tsoho ya yi faɗa kuma ya ce a zo. Amma Nasiru a gidan nan ya tashi, ya san ƙa'idar ubansa fiye da kowa. A wurinsa zagin da ba a soke ba yana nan daram, gayyatar da aka rubuta da baƙi kuwa ladabi ce kawai.

Ni Kawu ya fara tuhuma. Wai jan tawadar kwamfutata ya ƙare, na ƙi sayen sabo saboda rowa. Shi fa, mai rubutu a bayan kalanda, shi ke kirana marowaciya! Na ce masa allon kwamfuta ba ya shan tawada. Ya ce to firinta me take sha? Na buɗe shafin da ya yi rubutun, ga layukansa nan lafiya lau, ga jansa nan. Na aika wa kaina sabon saƙo, ja ya iso. Na amsa wa kaina, ja ya iso. Muka amsa wa mutanen Kano, suka ce sun ga ja. Amma da na buɗe saƙon Nasiru na danna amsa na liƙa, sai komai ya koma baƙi a gaban idonmu. Da Kawu yana buɗe ido in zai aika, da tun ranar farko ya gani.

Kun san shi da hujja. Da farko ya ce ruwan teku ne ke wanke jan a hanya. Na ce ai tun saƙon bai bar shagon ba jan ya wanke. Sai ya ce ashe Nasiru ne da kansa, ya sa wa saƙonsa wani abu don kada maganar ubansa ta kama shi, rashin kunyar da ya tafi da ita ce bai bari ba. Ya sa na canza kwamfuta, muka koma ta ciki. Ya sa na goge allon da tsumma. Ya sa aka kashe komai aka kunna, wai ko ta gaji. Ni kuma ina roƙonsa ya bar ja ya bar layi, ya rubuta wa yaron kalma biyu kawai. Ya ce shi ba ya rubuta wasiƙa tsirara. Na ce to bari ni in rubuta in yi bayani, ya ce uba ba ya aika lauya wurin ɗansa. Na rubuta a ɓoye mana, me zan jira? Nasiru ya amsa mini da ladabi, ya ce ya san gyara nake so in yi, Allah ya saka, amma ya san rubutun Baba. Haka muka cinye kusan sati biyu, ƙafar Kawu na ƙara kumbura, jirgi na ƙara matsowa.

Daga ƙarshe na kira Oga Femi, wanda ke gyara mini kwamfutoci daga Iyana Ipaja. Mutum ne mai sanyin hali, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya zauna, Kawu na tsaye a kansa yana ba shi labarin ruwan teku, shi kuma yana ta cewa e ma binu Baba, wato a yi haƙuri. Ko minti goma bai yi ba ya gano. Saƙon Nasiru zallar rubutu ne, babu launi babu ado, saboda haka in ka danna amsa sai akwatin amsar ya bi sahunsa, duk abin da ka liƙa ya tuɓe shi. A ƙasan akwatin akwai wasu ɗigo uku, a cikinsu akwai wata 'yar alama da ko ƙwayar gero ta fi ta girma. Ita ce ta nemi raba uba da ɗa. Kuma wanda ya tsara abin bai ga ya dace ya tambaye ka ba, bai ce kai, ga layukanka za su zube, ka yarda? A'a, shiru kawai, ya tuɓe maka magana ya aika. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Oga Femi ya cire alamar, ya sake liƙa wasiƙar. Layuka suka dawo, ja ya dawo. Kawu ya yi hamdala, ya yi wa mutumin alkawarin buzun sallah, bai damu da cewa coci yake zuwa ba. Oga Femi ya sosa kai ya fara cewa amma fa Baba, irin imel ɗin jiragen nan sau da yawa zallar rubutu kawai suke karɓa, ko mun gyara nan, in ya isa can za su sake... Bai ƙarasa ba. Na waiga na ga Kawu ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Oga Femi, ido a rufe, ya yi bismilla ya danna.

Washegari amsar Nasiru ta zo, layi ɗaya.

"Baba, na farkon ma ya isa."

To ga sau biyun da kuke ta yaɗawa. Ranar na manta da cewa kawuna ne. Na rufe shagon da rana tsaka, na sallami kwastomomi, na tsaya a gabansa na faɗa masa abin da ke raina. Na ce kwana biyar suka rage. Na ce a teku babu rula, babu jan biro, duk abin da ya rubuta haka zai isa a tsaye. In yana son ganin ɗansa da idonsa to ya goge zagin nan, gogewa ta gaske, ba layi ba. In kuma rularsa ta fi masa ɗansa, ya faɗa mini in daina wahalar da kaina. Ina faɗa ina kuka, don haushi da tsoro sun haɗe mini.

Bai yi mini tsawa ba. Ya dubi allon.

"Uwata, in na goge, ta ina zai san na yi fushi?"

"Sau biyu ka aika masa, Kawu. Ya sani."

Sai ya tambaye ni wanne ne maɓallin gogewa. Na nuna masa. Ya ɗora yatsa ya danne, yana kallon kalmomin suna ɓacewa daga ƙarshe zuwa farko, ƙofar gida ta tafi, mara kunya ta tafi, butulu ta tafi. Mutumin da bai taɓa yaga takarda ba a rayuwarsa. Ni kuma na kau da kai kamar ina gyara firinta. Da akwatin ya zama fari fat sai ya sa yatsunsa biyu ya rubuta, a nan cikin amsar, ba kwafe ba liƙi:

"Nasiru. Na'ura ce ta cinye layin. Wannan duka ja ne. Ɗakinka na nan. Ka zo."

Ya karanta sau biyu, abin da ban taɓa gani ba. Ya aika ido a buɗe.

Amsa ba ta zo ba. Kwana ɗaya, biyu, biyar, shiru. Kullum sai ya aiko a tambaye ni, wai ko mutanen Kano sun rubuto. Ranar da jirgin ya kamata ya tsaya, ya sa aka buɗe ɗakin aka share, ya ce wai saboda ɓera. Ya sa aka fito masa da benci ƙofar gida, wai iska yake so. Ranar ta wuce ba kowa. Ni kam na gama cire rai, har na fara shirya zagin da zan aika wa Nasiru, kuma ba ni da niyyar soke ko ɗaya.

Rana ta biyu da hantsi ina kawo wa Kawu kunu, sai ga mutum ya shawo kwana da jaka a kafaɗa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, da ƙyar na gane shi. Ya zo ya durƙusa a gaban bencin. Kawu bai tashi ba, dama ba zai iya ba. Sai ya sa hannu a aljihun nan na gaba ya zaro takarda a ninke, bayan kalanda, ya miƙa masa. Ashe duk abin da na sa shi ya goge, ya koma gida ya sake rubuta shi da baƙin biro, bai bar ko kalma ɗaya ba, ya bi su da rula tsaf. Nasiru ya karanta a durƙushe, layi bayan layi, hawaye na zuba yana dariya. A ƙasa da ja an rubuta: Ka rame. Shiga ka ci abinci.

"Baba, ai ƙiba na yi."

"Lokacin da na rubuta ban gan ka ba," in ji Kawu. Sai ya ɗora hannu a kan yaron, ya bar shi a nan.

Jirgin ya tafi ba da Nasiru ba. Wata huɗu ya yi yana jinyar ubansa, shi ke ɗaga shi, shi ke wanke masa ƙafa, shi ke zuwa mayanka a madadinsa ya dawo yana wari, Kawu na shinshina shi yana cewa yanzu ka zama mutum. A hannunsa ya cika, shi ya yi masa wanka. To ku da kuka ce an yi tsinuwa, ga wanda aka tsine wa nan a cikin gida, ku je ku tambaye shi. Rular tana wurinsa. Jan biron ni na ɗauka, yana cikin durowar shagona, kuma kujerar bakin ƙofa har yanzu in na shigo da safe ita nake fara kallo.

Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ya Allah, kurakuransa kada ka ja musu layi siriri irin nasa, ka goge masa su gaba ɗaya, kamar yadda ya goge saboda ɗansa. Amin.